Gawa Ba Ta Tona Asiri: Don Me Ake Kashe Su Ba A Kama Su?



Da wuya wata ya kama ya ƙare ba mu ji kakakin wata rundunar soja ko ta 'yan sanda a Afirka ta Yamma ya fito a gidan rediyo yana shelar cewa an kashe wani ƙasurgumin shugaban 'yan ta'adda ba. Kalmomin ma mun riga mun haddace su: wai an yi musayar wuta, wai an fi ƙarfinsu, wai saura sun tsere da raunin harsashi, an kuma ƙwato bindigogi kaza da babura kaza. Daga nan sai labarin ya zagaya majalisun shayi na Nima da Maamobi a nan Ankara, ya leƙa rumfunan kasuwar Agbogbloshie, ya sauka kasuwar shanu ta Tulaku, kowa na cewa Allah ya ƙara. Washegari a manta, sai kuma wata sanarwar.

Tun kafin a yi nisa, bari mu rufe bakin masu neman abin faɗa. Makiyayi ya fi kowa sanin zafin waɗannan mutane. Shi aka fara kore wa garke, shi aka ɗora wa zakkar dole a bakin bindiga, 'ya'yansa aka ja daji da ƙarfin tsiya, ardonsa aka yanka don ya ƙi ba da kai. Saboda haka duk mai son ya ce muna kare 'yan ta'adda, to ya nemi wani zancen. Tambayarmu ɗaya ce, kuma ba za mu gaji da maimaita ta ba: idan hukuma tana da ikon kama mutum da ransa, don me za ta zaɓi ta kawo mana gawarsa? In kuma ta kawo gawar haɗe da labari, da wace hujja za mu gaskata labarin, alhali kuwa wanda zai iya ƙaryata shi yana kwance ba ya motsi?

Mu fara da Maiduguri, domin a can aka shuka abin da yankin nan yake girba har yau. Ranar 26 ga Yuli, 2009, rikici ya ɓarke a Bauci tsakanin jami'an tsaro da mabiya Muhammad Yusuf, waɗanda duniya ta sani da sunan Boko Haram, ya bazu zuwa Borno da Yobe da Wudil ta Jihar Kano. Cikin kwana biyar an rasa rayuka fiye da 700. Ranar 30 ga wata sojoji suka kama Muhammad Yusuf da ransa. Wannan ba jita-jita ba ce. An ɗauki hotonsa yana tsaye ba riga, da bandeji a hannu, sojoji kewaye da shi, an kuma ɗauki bidiyonsa ana yi masa tambayoyi da Hausa yana amsawa da bakinsa. Kwamandan da ya jagoranci aikin, Kanar Ben Ahanotu, ya shaida wa duniya cewa ya miƙa shi hannun 'yan sanda yana raye. Bayan 'yan awowi sai ga gawarsa, harsashi ya yi mata kaca-kaca. Da aka tambayi 'yan sanda sai bakinsu ya rabu biyu, wani ya ce a musayar wuta ya mutu, wani ya ce ƙoƙarin gudu ya yi. Jama'a, mutumin da sojoji suka kama suka miƙa hannu da hannu, a tsakiyar hedkwatar 'yan sanda, ina zai gudu ya je? Da wace bindiga ya yi musayar wutar?

Ba shi kaɗai ba ne. Alhaji Buji Foi, wanda ya taɓa riƙe muƙamin kwamishinan harkokin addini a gwamnatin Jihar Borno, ake kuma zarginsa da ɗaukar nauyin ƙungiyar, shi ma da rai aka kama shi, aka harbe shi. Surukin Muhammad Yusuf, dattijo Baba Fugu mai shekara fiye da 70, da ƙafarsa ya kai kansa wurin 'yan sanda da ya ji ana nemansa, bai fito da rai ba. A watan Fabrairun 2010 gidan talabijin na Aljazeera ya nuna wa duniya bidiyon jami'an tsaro a Maiduguri suna kwantar da mutane marasa makami a ƙasa suna harbewa, har da masu dogara sanda. A watan Afrilun wannan shekara babbar kotun Jihar Borno ta yanke hukunci cewa an kashe Baba Fugu ba bisa doka ba, ta umarci a biya iyalinsa diyyar Naira miliyan 100, aka kuma biya a farkon 2012. 'Yan sandan da aka gurfanar a Abuja a 2011 bisa zargin kashe Muhammad Yusuf kuwa, kotu ta sallame su a ƙarshen 2015. Ke nan a takarda, babu wanda ya kashe shi.

To me aka yi asara a wannan rana? Buji Foi mutum ne da ya zauna a majalisar zartarwa ta jiha. Da an tsayar da shi gaban alƙali, lauyoyi sun yi masa tambayoyi a bainar jama'a, da mun ji yadda aka yi malamin da ke wa'azin cewa aikin gwamnati haramun ne ya wayi gari da mutuminsa a cikin gwamnati. Da mun ji inda kuɗi ke fitowa, da wanda ke belin mutane duk lokacin da aka kama su, da wanda ya ci moriyarsu a lokacin zaɓe. Duk wannan an binne shi tare da su. Ba shakka akwai waɗanda suka yi barci mai daɗi a wannan daren, kuma ba talakawan Maiduguri ba ne.

Aka ce an kashe maciji, ashe ba a sare kansa ba. Shekara guda ba ta cika ba sosai sai ga mataimakinsa Abubakar Shekau, wanda shi ma aka ɗauka ya mutu a rikicin, ya fito a bidiyo a 2010. A watan Satumba na wannan shekara suka fasa kurkukun Bauci suka saki fursunoni fiye da 700. A 2011 suka kai harin bam hedkwatar 'yan sandan Nijeriya da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja. Ranar 20 ga Janairu, 2012, suka mai da Kano filin yaƙi, aka rasa rayuka kimanin 185. A 2014 suka kwashe 'yan mata 276 a Chibok. Kisan da aka yi wa shugabansu a hannun hukuma shi ya zama musu tuta, da shi suka riƙa jan samari suna cewa ku dubi adalcin gwamnatin da kuke bi. Wani rahoto na Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 yaƙin ya ci rayuka kusan 350,000 a arewa maso gabashin Nijeriya, in aka haɗa da waɗanda yunwa da cuta suka kashe. Da ma an taɓa ganin irin haka. Muhammadu Marwa Maitatsine ya mutu a rikicin 'Yan Awaki na Kano a Disambar 1980, amma wutarsa ta sake tashi a Bulunkutu a 1982, a Jimeta a 1984, a Gombe a 1985. Mutuwar shugaba ba ta taɓa kashe fitina ba muddin saiwarta na ƙasa.

Sai kuma mu zo ga waɗanda aka kashe a rediyo suka tashi a bidiyo. A watan Agustan 2013 kakakin rundunar haɗin gwiwa a Maiduguri ya ce mai yiwuwa Shekau ya mutu sakamakon raunin da ya samu a dajin Sambisa. Wata mai zuwa sai ga shi yana yi musu dariya. A Satumbar 2014 aka ce an kashe wani mai kwaikwayonsa a Konduga, wai shi na ainihin ya daɗe da mutuwa. Ya sake fitowa. A Agustan 2016 aka ce jirgin yaƙi ya yi masa raunin da ba zai tashi ba. Ya sake fitowa. Da ajalinsa ya zo a watan Mayun 2021, ba hukuma ce ta kai shi ba, abokan gabarsa na ISWAP ne suka rutsa shi a Sambisa ya tayar da bam a jikinsa. Haka aka yi a Mali. A Nuwambar 2018 Faransa da gwamnatin Mali suka ba da sanarwar kashe Amadu Kufa, shugaban mayaƙan Masina, har ministar tsaron Faransa Florence Parly ta tabbatar da maganar. Bayan wata uku, a ƙarshen Fabrairun 2019, sai ga mutumin a bidiyo lafiyarsa lau. Shin an ji wanda ya fito ya ba jama'a haƙuri? Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma mahukuntanmu sun mai da shi gidan kwana.

Kada wani ya ce wannan ciwon ƙasashen baƙar fata ne kawai. Ranar 2 ga Mayu, 2011, sojojin Amurka suka kashe Usama bin Laden a garin Abbottabad na Pakistan. Da farko mai ba shugaba Obama shawara kan ta'addanci, John Brennan, ya ce mutumin ya yi faɗa, har ya yi garkuwa da mace. Washegari kakakin fadar shugaban ƙasa ya fito ya gyara, ya ce ba ya riƙe da makami lokacin da aka harbe shi. Gawar kuwa an jefa ta teku kafin kwana ya zagayo, hotunanta kuma aka ƙi nunawa. Ba muna cewa yana raye ba ne, ita kanta Alƙa'ida ta amince ya mutu. Abin da muke cewa shi ne, ƙasar da ta fi kowa kayan aiki ta samu mutumin da ta yi shekara goma tana nema ba makami a hannunsa, a gidan da ke kusa da makarantar horar da hafsoshin sojan Pakistan, amma ba a ba duniya damar jin ta bakinsa kan wanda ya ba shi masauki ba. In babba ya yi haka an tafa masa, me zai hana ƙanana kwaikwayo?

Ga dalilin da ya sa muka dage a kan kamu. Da ɗan gari akan ci gari. Ɗan ta'addan da ke daji ba ya ƙera bindiga, ba ya haƙo man fetur, ba shi da banki. Shanun da ya kore daga rugar bawan Allah ba ya cinye su shi kaɗai, sai an loda su a mota, an bi da su ta shingayen jami'an tsaro, an samo musu takarda, an kai su kara, dillali ya sayar, mahauci ya yanka. Abin ya kai har a 2016 gwamnatin Jihar Borno ta rufe wasu kasuwannin shanu domin ta gano cewa ta nan ake sayar da dabbobin da Boko Haram suka sato. To wa ya san sunan direban, da dillalin, da mai sa hannu a takardar? Shugaban da ke daji, shi ya san su ɗaya bayan ɗaya. A Zamfara, kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M. D. Abubakar ya shugabanta a 2019 ya zargi sarakuna biyar da hakimai da dama da hannu a ta'asar 'yan bindiga. A watan Satumbar 2024 sojoji suka kashe Halilu Sububu a wani kwanton ɓauna a Zamfara, mutumin da ya shahara da safarar makamai da harkar haƙar zinariya. An yi murna, kuma waɗanda ya addaba sun cancanci su yi murna. Amma wa ke sayen zinariyar? Ta wace iyaka makaman ke shigowa? Ya tafi da amsar.

Mai son ganin bambancin rayayye da matacce ya dubi labarin Hamisu Wadume. Ranar 6 ga Agusta, 2019, 'yan sanda suka kama shi a Ibi ta Jihar Taraba bisa zargin satar mutane. A kan hanya sojoji suka buɗe wa motarsu wuta, suka kashe 'yan sanda uku har da farar hula, shi kuwa ya kuɓuta. Rundunar soja ta ce kuskure ne, wai sun zaci 'yan sandan ne ɓarayin mutane. Da a ce an harbe Wadume a lokacin da aka sake cin masa, da maganar ta tsaya nan. Amma da aka kama shi da rai a Kano bayan mako biyu, sai ya faɗa da bakinsa cewa sojoji ne suka tafi da shi suka yanke masa ankwa. Gaskiya ne shari'ar ba ta gamsar ba, domin an cire sunayen sojojin daga takardar tuhuma, shi kuma aka ɗaure shi shekara bakwai a 2022. Duk da haka, abin da muka sani yau mun san shi ne domin an bar bakin mutumin a buɗe. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, shi ya sa wasu suka fi son gawa.

Yanzu ga inda abin ya fi shafar mu. Duk hukumar da ta saba ta kashe babba ta ba da labari a karɓa ba tambaya, to ba za ta tsaya a kan babba ba. Kalmar ɗan ta'adda takan zama bargo, a rufe duk gawar da aka ga dama da shi. Ranar 3 ga Janairu, 2021, jiragen Faransa suka yi ruwan bam kusa da ƙauyen Bounti a tsakiyar Mali, suka ce mayaƙa kimanin 30 suka hallaka. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya gano taron biki ne, mutum 19 daga cikin mamatan fararen hula ne, Faransa kuwa ta ƙi yarda. A ƙarshen Maris na 2022 sojojin Mali suka ce sun kashe 'yan ta'adda 203 a garin Moura. Rahoton ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a Mayun 2023 ya ce aƙalla mutum 500 aka kashe, akasarinsu ba makami, an rutsa su ne ranar kasuwa. Ranar 24 ga Janairu, 2023, a ƙaramar hukumar Doma ta Jihar Nasarawa, makiyaya sun karɓo shanunsu da jami'an Jihar Binuwai suka kama, suna cikin sauke su daga mota sai bam ya faɗo musu, kusan mutum 40 suka mutu. Sai bayan watanni rundunar sojan sama ta amsa wa ƙungiyar Human Rights Watch cewa ita ta kai harin, wai a kan waɗanda take zargi 'yan ta'adda ne. Ranar 3 ga Disamba, 2023, jirgi marar matuƙi ya faɗa wa masu Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, aƙalla mutum 85 suka rasu. A wurare irin waɗannan, da ba don waɗanda suka tsira sun yi magana ba, da har gobe ana lissafa mamatan cikin nasarorin yaƙi.

Wani zai ce ai wannan can ne, mu nan Gana lafiya muke. To in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, balle mu namu gemun ya riga ya ji ɗumi. Mutanen Zango ba su manta da ranar 17 ga Yuli, 2018 ba, ranar da 'yan sanda suka harbe samari bakwai 'yan Zangon Asawase ta Kumasi a yankin Manso Nkwanta. Sanarwa ta fito nan take da kalmomin da muka saba ji: 'yan fashi ne, an yi musayar wuta, ga makaman da aka samu. Da jama'ar Zango sun yi shiru, da shi ke nan, an binne yaran da sunan ɓarayi, iyayensu su ƙare rayuwa cikin kunya. Amma Asawase ta tashi tsaye, sarakunan Zango da malamai suka matsa, gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin alƙali. Kwamitin ya ce bai ga wata hujja da ta nuna cewa 'yan fashi ne ko sun yi musayar wuta da kowa ba. Aka dakatar da 'yan sanda 21 daga aiki, aka biya kowane gida diyyar sidi 250,000. Kuɗi ba ya dawo da rai, amma an wanke sunan mamata, kuma an nuna wa ƙasa cewa sanarwar hukuma ba wahayi ba ce.

Ko shekara huɗu ba a yi ba, a watan Maris na 2022, sai ga wani labarin a nan bakin ƙofarmu. 'Yan sanda biyu da aka riga aka kama bisa zargin hannu a fashin motocin ɗaukar kuɗin banki, aka ce sun mutu a musayar wuta a Borteyman kusa da Ashaiman, lokacin da aka kai samame maɓoyar 'yan fashin. Mutanen da ke hannun hukuma, waɗanda suka fi kowa sanin su wa ke cikin wannan harka da kakin gwamnati a jikinsu, su ne harsashi ya zaɓa. Ba mu yanke wa kowa hukunci ba, amma biri ya yi kama da mutum, kuma ba mu kaɗai muka yi wannan tambaya a ƙasar nan ba.

Akwai dalilin da ya sa labarin kullum iri ɗaya ne. Sashe na 13 na tsarin mulkin Gana na 1992 ya haramta ɗaukar ran kowa da gangan, amma ya bar ƙofa: ba laifi ba ne in an yi amfani da ƙarfin da ya dace wajen kare rai, ko kama mai laifi, ko hana wanda ke tsare tserewa. Sashe na 33 na tsarin mulkin Nijeriya ma haka ya tanada. To wannan ƙofa ita ake bi. Shi ya sa kowane mamaci sai an ce ya harba ko ya gudu. Alhali sashe na 14 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin awa 48, sashe na 19 kuma ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar ko shi ya amsa. Abin mamaki, Gana ba ta zartar da hukuncin kisa a kan kowa ba tun 1993, kuma a Yulin 2023 majalisar dokoki ta soke shi a kan laifuka irin su kisan kai. Ke nan alƙalin da ya yi shekaru yana karatun shari'a, ya saurari shaidu, an karɓe wannan iko daga hannunsa. Ta yaya za a bar shi a hannun mai bindiga a daji da tsakar dare?

Kuma lokaci yana ƙurewa. Wutar Burkina Faso tana kan iyakarmu ta arewa, ta riga ta taɓa arewacin Togo da Benin. A 2022 Ma'aikatar Tsaron Ƙasa ta ƙaddamar da gangamin nan na cewa in ka ga wani abu ka faɗa. Madalla, amma mun san fuskar da ake fara nunawa da yatsa. A Yulin 2023 Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna damuwa kan rahotannin mayar da ɗaruruwan mutanen Burkina da suka nemi mafaka a arewacin Gana, akasarinsu mata da yara, rahotanni kuma suka ce yawancinsu Fulani ne. Makiyayan Agogo sun san yadda aikin Operation Cow Leg ya bar shanu a kwance a daji. Ranar da za a wayi gari a ce an kashe kwamandan 'yan ta'adda a wata ruga a Bawku ko Tumu, wa zai je ya duba ko kwamanda ne ko kuwa mai garke ne da ya ƙi ba da cin hanci?

Masu ja da mu suna da hujjoji biyu, kuma ba za mu raina su ba. Sun ce yaƙi ne, wanda ya fito da bindiga mai sarrafa kanta ba a tarar sa da ankwa. Haka ne. Sojan da aka buɗe wa wuta yana da haƙƙin ya rama, kuma ba mu nemi uwar wani soja ta rasa ɗanta don a kamo ɓarawo da rai ba. Wanda ya mutu a fagen fama ya mutu. Maganarmu a kan wanda ya shiga hannu ce, da wanda aka samu ba makami, da wanda aka jefa wa bam daga sama ba a san ko wane ne ba. Sun kuma ce kotuna ba su da ƙarfi, ana fasa kurkuku, ana sayen shari'a. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. Amma in rijiya ta ƙazantu yashe ta ake yi, ba a komawa shan kwata. Kuma an gwada an gani. Kabiru Sokoto, wanda aka kama bayan harin cocin Madalla na Kirsimetin 2011, ya tsere, aka sake kama shi, kotu ta yi masa ɗaurin rai da rai a Disambar 2013. An kama Khalid al-Barnawi na ƙungiyar Ansaru a Lokoja a 2016. Nijar ta miƙa Ahmad al-Faƙi al-Mahdi ga kotun duniya da ke Hague, ya amsa laifin rushe hubbarorin waliyyan Tumbutu, ya nemi gafara a gaban duniya, aka ɗaure shi shekara tara a 2016. A Agustan 2025 Nijeriya ta ba da sanarwar kama manyan shugabannin Ansaru biyu da ransu. Ashe in an so kamawa ana iyawa. Kuma babu wanda ya mai da ɗaya daga cikin waɗannan shahidi, domin mutumin da ya tsaya a akwatin kotu yana kame-kame ba ya burge yaro.

Saboda haka muna kira ga gwamnatin Gana tun kafin abin ya zo. Na farko, duk wanda ya mutu a hannun jami'an tsaro, ko wane suna aka laƙaba masa, a bayyana sunansa da garinsu, likita ya binciki gawar kamar yadda dokar binciken gawa ta 1960 ta tanada, a kuma miƙa ta ga danginsa su yi mata sutura. Na biyu, kada rundunar da ta yi kisan ta zama ita ce mai binciken kanta. A kafa hukuma mai zaman kanta ta sauraron ƙorafi a kan 'yan sanda, kafin nan kuma a ba hukumar CHRAJ dama da kuɗin yin wannan aiki, rahoto kuma a buga shi kowa ya karanta. Na uku, wanda aka kama bisa zargin ta'addanci a gurfanar da shi ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci ta 2008, a buɗaɗɗiyar kotu, a bi sawun duk sunan da ya ambata komai girman rawaninsa ko yawan taurarin kafaɗarsa. Na huɗu, jami'in da ya ba da sanarwar ƙarya shi ma ya amsa tambaya.

Mu ma akwai namu aikin. Sarakunan Zango da ardo-ardo da shugabannin kara su riƙe rajistar mutanensu, domin in an ce wane ɗan ta'adda ne a samu mai tsayawa ya ce na san shi, ga ubansa, ga garkensa. Wanda kuwa muka san ɓata-gari ne kada mu ɓoye shi, mu miƙa shi da rana tsaka a gaban shaidu, mu rubuta ranar da sunan ofishin, mu kuma bi sawu har kotu. 'Yan majalisarmu na Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa, da ƙuri'un Nima da Maamobi suka shiga zauren nan, su tayar da wannan magana tun yanzu. 'Yan jarida kuma su daina haɗiye sanarwa ɗanya, su riƙa tambaya: ina gawar, wa ya gan ta, me ya hana a kama shi? Asawase ta koya mana cewa tambaya tana da amfani in an yi ta da murya ɗaya.

Allah ya tona asirin masu ɗaukar nauyin wannan fitina, na daji da na gari. Allah ya jiƙan waɗanda aka kashe ba da haƙƙinsu ba, ya kare ƙasarmu Gana da maƙwabtanta, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Amin.